Hadda a ɗaki, rawar baki a gaban alƙalai: magana kan yarda da kai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da iyaye da malamai da matasan Sakkwato kan wata kalma da ta cika bakin masu ba da shawara a Facebook da TikTok, wato yarda da kai. Kowa cewa yake "ka yarda da kanka", sai ka ce yaron da murya ke yi wa rawa a gaban jama'a mantuwa ya yi, da an tuna masa shi ke nan ya warke. Yadda ake yin abin kuwa, ba mai faɗa masa.

Mu fara da abin da Basakkwace ya saba gani. Tun 1986 da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta soma shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, duk wanda ya taɓa zama a zauren gasa, ko ta ƙaramar hukuma ce, ya ga yaro mai izu 60 a ka, wanda malaminsa ke bugun gaba da shi, ya hau kujera an ja masa baƙi ya ɗauka tiryan-tiryan, sai ƙararrawar alƙali ta kaɗa sau ɗaya. Daga nan komi ya watse, ayar da yake karantawa ko cikin barci ta ɓace masa. Ga wani kuma da haddarsa ba ta kai ta wancan ƙarfi ba, an kaɗa masa ƙararrawa, ya yi shiru gwargwadon numfashi ɗaya, ya koma farkon aya, ya wuce abinsa. Na biyun nan ya sha yin kuskure a gaban mutane yana gyarawa, jikinsa ya san ƙararrawa ba ta kisa. Na farko a ɗaki ya iya, daga shi sai malam.

To abin da muke nufi da yarda da kai ke nan: mutum ya san gwargwadon abin da ya iya, sani irin na wanda ya gwada ya gani, ya kuma san zai iya fito da shi ko da idanu na kansa, ko da ya yi tuntuɓe a tsakiya. In babu iyawar, abin da ya rage cika baki ne. In akwai iyawa amma ba a taɓa gwada ta a gaban ido ba, ita ce haddar ɗaki.

Kuma ba a samun ta a dunƙule. Dillalin shanu a Kara zai tsaya tsakanin Bafulatani mai garke da Alhaji mai kuɗi ya juya su duka har a yi sallama, amma a miƙa masa fom a banki ka ga gumi na keto masa. Malamin jami'a da ke tsayawa gaban ɗalibai ɗari biyu ba gezau, sai ya ɗauki ƙanensa ya rako shi sayen ragon layya don bai iya tayi ba. Saboda haka kuskure ne uba ya ce "yaron nan ba shi da yarda da kai" ya yi shiru. A tambaya: a wane aiki, a gaban wa? Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, Albert Bandura, ya yi bayanin wannan tun 1977, bayan aikin da ya yi da mutanen da tsoron maciji ya addaba. Ya ce tabbacin mutum cewa zai iya wani aiki daga wurare huɗu yake zuwa: ya taɓa yi da hannunsa ya ci nasara, ya ga sa'ansa ya yi, wanda ya amince da shi ya ƙarfafa masa guiwa, sai kuma yadda yake fassara abin da jikinsa ke yi lokacin tsoro. Na farkon ya fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Kalaman ƙarfafa guiwa, waɗanda su kaɗai ake sayar wa matasanmu a waya, suna cikin masu rauni, don faɗuwa ɗaya kan share su.

Mun san akwai malamai a garin nan da kalmar ke yi wa nauyi a kunne, kuma suna da hujja. Musulmi kan roƙi Allah kada Ya bar shi da kansa ko da ƙiftawar ido, to yaya za a ce masa ya yarda da kansa? Amsar tana cikin abin da su da kansu suke karantar da mu. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata gare shi, da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi kan taskokin ƙasa, ya ce shi mai tsarewa ne masani. Ya faɗi abin da ya iya, bai ƙara ba bai rage ba. Annabi Musa kuma da aka aike shi wurin Fir'auna ya san inda rauninsa yake, ya roƙi a warware masa ƙullin harshe, ya nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna da ya fi shi fasahar magana, sannan ya tafi. Wannan sanin kai ne da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Girman kai kuwa hadisi ya riga ya fassara shi: ƙin gaskiya da raina mutane. Mai yarda da kai na gaske shi ya fi kowa saurin karɓar gyara, don gyaran bai girgiza shi. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32. Wanda bai tabbata da iliminsa ba ba zai iya furta hakan ko sau ɗaya a gaban almajirai ba.

Ɗaya gefen ma akwai ciwo, kuma a ganinmu ya fi yi wa jama'a ɓarna. A 1999 wasu masana biyu a Jami'ar Cornell, David Dunning da Justin Kruger, sun gwada ɗalibai a nahawu da mantiƙi, suka kuma tambayi kowa ya kimanta kansa. Waɗanda ke can ƙasan jeri, da mutum 12 kacal cikin 100 suka fi, sun ɗauka sun fi mutum 62. Gwano ba ya jin warin jikinsa, domin ilimin da za ka gane kuskurenka da shi, shi ne dai ilimin da ba ka da shi. Ba sai an je Amurka ba. Telan da ya san hannunsa kaftani biyu yake fitarwa a yini, saura kwana 15 Sallah, ya karɓi ɗinki 60 yana cewa "kar ka damu Alhaji, jibi ma ka zo", lissafi ya riga ya ƙaryata shi, 30 zai iya. Sauran 30 ɗin su ne rigimar daren Sallah. Maganin wannan shi ne rubutu: ka rubuta abin da ka ce za ka yi da ranar da ka ɗiba, ka rubuta ranar da ka gama. Wata guda ya isa ka ga tazarar da ke tsakanin bakinka da hannunka.

Yanzu ga yadda ake ginin. Mu ɗauki ɗalibin da zai kare kundin digirinsa a Dundaye, mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, nan da mako uku, wanda ko tambaya bai taɓa yi a aji ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yau zai fara. Ya ɗauki takarda ya jera matakai kamar bakwai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kowanne ya ba shi maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon yadda gabansa ke faɗuwa in ya tuna shi. Yin bayani shi kaɗai a ɗaki, a tsaye, da murya a fili, yana ɗaukar kansa da waya, wataƙila 2 ne. A gaban ƙanensa, 3. A gaban abokai uku da aka ce su katse shi da tambaya, 5. A gaban wani babba da yake jin nauyi, kawu ko limamin shiya, 7. A cikin ajin da za a yi ainihin zaman, da mutum goma, 8. Ya fara daga matakin da ke wajen 3 ko 4, ya maimaita shi har makin ya sauka zuwa rabi, sannan ya hau na gaba. Galibi maimaici uku zuwa biyar kan isa. Kada ya bar fiye da kwana biyu tsakanin gwaji da gwaji, don tsoro kan dawo in an ba shi hutu.

Wurare uku ake lalata wannan aiki. Wasu kan tsallake su faɗa mataki mai maki 9 ranar farko don wani ya ce musu "ka cije kawai", su sha kunya, tsoron ya ninka. Wasu kan maƙale a mataki mai maki 2, su yi wata guda suna yi wa madubi jawabi, alhali madubi ba ya tambaya kuma ba ya dariya. Na ukun ya fi yawa: mutum ya fara, gabansa ya faɗi, ya katse ya zauna. Da ya zauna sai ya ji sanyi a ransa, kuma wannan sanyin shi ne dafin, domin jiki ya koyi cewa gudu ne ya cece shi, gobe tun kafin ya miƙe zai nemi gudu. Ƙa'ida ita ce duk gwajin da aka fara a kai shi ƙarshe, ko da murya na rawa, ko da an manta rabi.

Kada ya haddace jawabin kalma da kalma. Jawabi ba Alƙur'ani ba ne, kuma mai haddar jawabi in kalma ɗaya ta kuɓuce masa duk abin da ke bayanta ya tafi. Jimla biyu na farko kawai zai riƙe daram, don a minti na farko tsoro ya fi tsanani, sai jimlar rufewa. Tsakiyar kuma kanun magana ne da ba su wuce biyar ba a ƙaramin kati, kowanne kalma uku ko huɗu. Ya auna lokaci da agogo: in minti 10 aka ba shi, ya shirya na 8. Sannan ya rubuta tambayoyi goma da ya fi tsoron a yi masa, ba waɗanda yake so ba, ya amsa kowace da baki. Wadda ya kasa, ita ce karatunsa na daren nan. In ranar ta zo aka jefo wadda bai sani ba, ya faɗi iyakar abin da bincikensa ya taɓo, ya ce wannan ɓangaren bai kai gare shi ba, zai duba. Malamai sun fi yafe wannan a kan kame-kame, don kame-kame ke jawo tambaya ta biyu da ta uku.

Tarihin garin nan ma ya nuna mana darajar shiga wuri da magana a ƙidaye. Lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Babbar Sallah, wajen 1788, ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu bai karɓi dukiya ba. Abu biyar ya nema: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Biyar, a jere, a gaban sarkin da ake tsoro. Ɗansa Muhammadu Bello kuma ya ba da labarin cewa in Shehu zai fita wa'azi yakan ɗan tsaya kafin ya isa ga jama'a, ya sabunta niyya, ya roƙi Allah Ya fahimtar da masu sauraro abin da zai faɗa. A lura da inda hankalinsa yake: kan ko mutane za su gane. Mai jawabin da ya shagala da "yaya nake a idonsu" shi ke ruɗewa. Wanda ya mai da hankali kan "shin na bayan can ya fahimta" ba shi da sararin sauraron bugun zuciyarsa.

Sai jiki. Bugun zuciya, bushewar baki, rawar hannu, gumi, jin fitsari, duk aikin sinadarin adirenalin ne da jiki ke saki in ya hango haɗari, kuma gwanaye ma suna jin su. Bambancin shi ne gwani ya san na ɗan lokaci ne, sabon shiga kuwa ɗauka yake alamar faɗuwa ce. Abin yi kaɗan ne. Minti biyu kafin a kira ka, ka shaƙi iska ta hanci kana ƙidaya huɗu, ka fitar a hankali ta baki kana ƙidaya shida, sau 12. Tsawaita fitarwar ke rage gudun zuciya. Masu jan numfashi da sauri da ƙarfi don su huce, jiri da tsitsitar yatsu suke jawo wa kansu. Ka kurɓi ruwa, ka ci abinci mara nauyi, ka zagaya tun da wuri. Goro da kofi da lemun ƙara kuzari a ajiye su sai an fito, rawar hannu suke ƙarawa. In hannu na rawa kada ka riƙe falle ɗaya na takarda, don ita ke tona asiri, riƙe kati mai kauri ko ka dafa teburi. Ka kafa ƙafa biyu a ƙasa. Ka nufi mutumin da ya fi nisa da muryarka, kuma ka kula da ƙarshen jimla, nan ne muryar mai jin kunya ke nutsewa.

Dole mu faɗi wata magana mara daɗi. Da yawa daga samarin da suka faɗa shan tiramol da kodin da wiwi, ba don nishaɗi suka fara ba, don "cire kunya" ne, za a je zance ko za a yi magana a taro. Gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma dalilin da ke kai yaro gare shi yana nan. Illar, ban da ta lafiya, ita ce in ya sha ya yi magana lafiya lau, ƙwaya ce ta ci nasara ba shi ba, bai ajiye komi a asusunsa ba, gobe in babu ita ya fi jiya tsoro. Haka mai dogaro da turaren kwarjini ko layar baki da ya saya a bakin kasuwa: ranar da ya manta ta a aljihun wata riga, ranar ce bakinsa zai mutu.

Akwai wani rauni da ya keɓanta da mu. Yaron Sakkwato kan je bautar ƙasa ko wata jami'a a gabashin ƙasar Hausa, ya ce "munka tahi" ko "shina zuwa", a kwashe da dariya, a kwaikwaye shi kamar yadda ake yi a finafinan barkwanci, daga ranar ya koma kurma. Wannan abin takaici ne, don da wannan harshen aka rubuta waƙoƙin wa'azi na zamanin jihadi, da shi manyan makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi suka yi waƙoƙin da ake nazari a jami'o'i har gobe. Daidaitacciyar Hausa ta rubutu da rediyo an gina ta bisa karin Kano, a koye ta don aiki, amma ba ta mai da Sakkwatanci kuskure ba. In an yi dariya, ka yi murmushi ka ƙarasa maganarka. Turanci ma haka. Wanda ke jiran sai nahawunsa ya gyaru kafin ya buɗe baki, zai tsufa yana jira. A intabiyu gajerun jimloli ake so, ɗaya bayan ɗaya, da misalin aikin da ka taɓa yi. Minti 10 na karatu da murya a fili kullum, daga jarida ko littafin makaranta, yakan sassauta harshe cikin 'yan makonni.

Batun ido kuwa, kada a ruɗi yaranmu da shawarar Turawa cewa sai ka ƙura wa mutum ido. A gaban hakimi ko suruki ko malaminka na zaure, ka durƙusa ka gaida, ka sunkuyar da kai yadda aka tarbiyyantar da kai, amma muryarka ta fita, buƙatarka ta fito a jimla ɗaya ko biyu. A gaban kwamitin ɗaukar aiki kuma ka dubi fuskar wanda ya yi tambaya lokacin da kake amsawa, ka ɗan waiwayi sauran. Kunya ado ce matuƙar ba ta haɗiye maganar da ta kawo ka ba.

Masu JAMB nasu mai sauƙi ne. Tambaya 180 cikin minti 120, wato daƙiƙa 40 kowace. Yaron da ya fito daga Gada ko Tangaza bai taɓa dafa kwamfuta ba, tsoron na'urar ke cinye masa rabin sa'a, ba tambayoyin ba. A kai shi ya zauna gaban kwamfuta sau uku ko huɗu kafin ranar, ya yi cikakken gwaji da agogo, ya saba da tsallake mai wuya ya dawo mata.

Mai sana'a kuma wurin faɗin farashi ake gane shi. Sabon tela ko baduku ko mai gyaran waya yakan karya kuɗin aikinsa tun kafin a taya, don yana jin kunyar adadin. Dalili shi ne bai yi lissafi ba, adadin daga ka ya fito, shi kansa bai yarda da shi ba. Ya zauna ya haɗa kuɗin zare da shafi da maɓallai da man janareta da rabon kuɗin haya, ya ɗora ladan sa'o'in da aikin zai ci. Daga nan ya fitar da adadi uku: wanda zai faɗa, wanda zai sallama, da wanda ƙasa da shi sai "albarka". In ya faɗi kuɗin ya yi shiru. Shirun nan na daƙiƙa biyar shi ne gwajin, mafi yawa a nan suke cewa "amma dai kawo abin da ya sawwaƙa", su yi wa kansu ragi ba wanda ya roƙa. Ya karɓi kafin alƙalamin da zai sayi kayan aiki, ya ɗibi ranar da ya san zai cika har da rarar kwana biyu saboda wuta.

Ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu, wurin da rashin wannan abu ya fi tsada shi ne asibiti. Mace ta yi sammako ta bi layi tun safe, ta shiga gaban likita ta ce "jikina ne ba daɗi", ta fito ba ta faɗi jinin da take gani ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun daga gida ta shirya abu huɗu, ta faɗa wa kanta da baki ko a rubuta mata: me ke damunta, a ina, tun yaushe, me ta sha har da na gargajiya. Ta fara da wanda ya fi ba ta kunya, don in ta bar shi ƙarshe ba za ta faɗa ba. In ba ta gane yadda za a sha magani ba ta ce a maimaita, tana da damar neman ma'aikaciya mace ta tsaya. Nana A'isha ta yabi matan Madina da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. A nan ƙasar kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, wato jagororin mata masu karantarwa, ta ɗora musu malfa, matan ƙauye suna jagorantar 'yan taru, wato mata masu taruwa neman ilimi, suna karantar da 'yan'uwansu. Mace mai buɗe baki ta yi tambaya ba baƙuwa ba ce a Sakkwato.

Mafi yawan abin da muke gyarawa a babba, a gida da aji aka ɓata shi. Yaron da ake kira daƙiƙi ko dolo, wanda ake auna shi da wansa kullum, wanda in ya ɗauki aiki aka fizge aka ce "kawo, ba ka iyawa", ba a bar shi ya tara ko nasara ɗaya da zai tuna ba. Yabon banza ma ɓarna ne. Wani bincike da Claudia Mueller da Carol Dweck suka yi a 1998 ya nuna yaran da aka yaba da cewa suna da ƙwaƙwalwa sun fi guje wa aiki mai wuya daga baya, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. A faɗi takamaiman abin da ya yi: "ka ƙirga canjin nan daidai", "kin gyara baƙin da kika ɓata jiya". A aiki ɗan shekara bakwai shago da abu uku ya dawo da canji, ɗan shekara goma ya kai saƙon baki gidan kawunsa ya dawo da amsa. Malamin aji kuma ya san cewa an auna, an samu malamai da yawa ba sa jiran fiye da daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya kafin su wuce ga wani, kuma in aka kai jiran daƙiƙa uku amsoshi kan ƙaru su kuma tsawaita. Ka ƙidaya biyar a zuci, Malam. Kuma dariyar aji ga wanda ya yi kuskure, kai ke da ikon kashe ta tun makon farko. Mai in'ina a bar shi ya ƙarasa kalmarsa da kansa, in'ina ba tsoro ba ce kuma ba ta taɓa basira.

Wani lokaci abin ya wuce kunya. In tsoron mutane ya kai wata shida yana hana mutum zuwa aji ko kasuwa ko masallaci, ko ya haɗu da rashin barci da yanke ƙauna da tunanin cutar da kai, wannan na likita ne, kuma ana warkewa. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, zuwa can ba ya nufin hauka.

Roƙonmu ga shugabannin makarantun boko da na Islamiyya a jihar nan ba ya cin ko kwabo. A ware minti shida kowace safiya, ɗalibi uku su tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi magana ta minti biyu kan abin da ya sani, yadda ake dashen albasa ko yadda ake ɗaura tayar keke, zangon farko da Hausa, na biyu a gauraya da Turanci ko Larabci. A bi rajista, kada a bi masu ɗaga hannu, in ba haka ba yara biyar ɗin nan da kowa ya sani su za su cinye filin. Malam ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da za a gyara, kada ya wuce haka. Aji mai ɗalibi 60 zai zagayo cikin kwana 20 na makaranta, wato kowane yaro zai tsaya gaban 'yan ajinsa sau uku a zango mai mako 12, sau tara a shekara.

Mun gode da fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malamai masu horar da ɗalibai muhawara da jawabi,
Sakkwato.